Aji na daban ko zaman mutum biyar: wanne zai fi taimakon malamin jami'a wajen koyar da yara masu ƙwaƙwalwa?

Yaya Dakta barka da hutu, ya iyali ya sabuwar kujerar shugabancin sashe, Allah ya taya riƙo. Maganar kuɗin nan da tsofaffin ɗalibanku da masu hali na gari suka haɗa don a tallafa wa malaman sashe su riƙa kula da yaran nan masu kaifin ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, na ga kwamitinku ya rabu gida biyu, wasu na cewa a ware wa yaran ajinsu na daban da malamai na musamman, wasu na cewa a'a a bar su cikin 'yan uwansu sai dai kowane malami a damƙa masa mutum uku zuwa biyar ya riƙa zama da su. Ka san ni a ɓangaren jarabawa da jadawalin lakca na fi daɗewa, to ta nan zan shigo maganar, kuma na rubuta a fili ne don ba ku kaɗai ke wannan ja-in-jar ba.

Ni dai ban ga laifin masu son a ware aji ba, abin da muka taso muka gani ke nan. Tun 1977 da tsohuwar jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ake tsamo yara ta hanyar jarabawa a tara su wuri guda, daga baya aka samu su Kafin Hausa da Lautai da na 'yan mata a Taura da Jahun, ga kuma makarantar masu hazaƙa ta Bamaina a ƙasar Birnin Kudu. Likitocinmu da injiniyoyinmu da yawa ta nan suka biyo, kai kanka ma ai ɗan sayans ne. To yaron da ya fito daga irin wannan wuri sai ya shigo jami'a a watsa shi cikin ɗakin lakca mai ɗaruruwan mutane, ana maimaita masa abin da ya gama tun yana aji biyar, dole mai tausayi ya ce a cire shi. Amma fa waɗancan makarantun hukuma sukutum aka kafa musu, da kasafinsu, da malamansu da ke kwana cikin makaranta. Sashe ɗaya a jami'ar da ke karkara ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

A Amurka inda abin ya yi ƙarfi ma da warewar aka fara. Frank Aydelotte, wanda ya yi karatu a Oxford ta Ingila, da ya zama shugaban kwalejin Swarthmore sai ya kawo tsarin a 1922, ɗaliban da suka yi fice ana cire su daga lakcar gama-gari a shekaru biyun ƙarshe a sa su ƙananan zama na tattaunawa, a ƙarshe malamai daga wasu jami'o'i su zo su yi musu jarabawa. Abin ya bazu har suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1966. Sai dai su ɗin ma, da duk kuɗinsu, inda malamai ba su isa a buɗe aji na daban ba sai suka ɓullo da wata dabara, ɗalibi ya zauna a ajin kowa da kowa amma ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da malamin kwas ɗin cewa zai yi ƙarin aiki mai zurfi. Kaga ke nan hanyoyi biyun da kuke gardama a kansu duk an gwada su, kuma an san inda kowacce ke yoyo.

Mu fara da lissafi don shi ba ya son kai. A ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, yunit ɗaya awa ɗaya ce ta lakca a mako har tsawon mako 15, wato kwas mai yunit 3 awa 45 ne a zango. Idan ka raba kwas ɗaya gida biyu ka ƙirƙiro sabuwar awa 45 da dole wani ya tsaya ya koyar, in kwas huɗu za ka raba don abin ya amsa sunansa ka ga awa 180 ke nan a zango guda, ban da shirya darasi na daban da tambayoyin jarabawa na daban da ɗakin da za a zauna. Wa zai ɗauka? NUC ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci da noma, 30 a fannonin zamantakewa da ilimi, kai ka duba rajistarka ka faɗa min tsakani da Allah ko kun kusa da wannan. Kuma ba kowane malami za ka tura ajin ba, gwanayenka biyu ko uku za ka tura, su ne kuma dai masu digiri na biyu ke jira, su ne a kwamitoci, su ne wata jami'ar ke roƙo su zo bizitin, wato koyarwar wucin gadi. Ko dai ka ninka musu aiki ko ka ƙwace su daga sauran yara ɗari biyun da su ma kuɗin makaranta suka biya, wasu ma sai da aka sayar da akuya ko buhun riɗi.

Zaman mutum biyar kuwa awa ɗaya ce a mako, awa 15 a zango ga kowane malami, in ma duk bayan mako biyu ne bai kai haka ba, kuma nauyin ya rarrabu a kan mutum shida ko bakwai maimakon biyu. Ba ya buƙatar ɗakin lakca, ba ya karo da jadawalin kowa.

Sai maganar maki, ita ce ma ta fi damuna kuma ban ji kwamitinku ya taɓo ta ba. Fas kilas daga 4.50 take farawa a ma'aunin 5.00, wanda ya tsaya a 4.49 sunansa 2:1, wato matakin da ke bin fas kilas, ko da kuwa shi ne ya fi kowa fahimta a sashen. To ka ware aji ka tsananta jarabawa, yaron da a ajin gama-gari zai ci A ya samu maki 5 sai ya dawo B mai maki 4, abokinsa da ya ƙi shiga ya haddace handawut ya kwashe A ɗinsa hankali kwance. Ranar da za a ɗauki mataimakan malamai, ko ranar da aka fitar da tallafin karatu irin wanda gwamnatin Kano ta dawo da shi a 2023 na digiri na biyu a ƙasar waje inda masu fas kilas aka nema, babu mai tambayar wane aji ka zauna, CGPA, wato matsakaicin makinka na duk shekarun karatu, kawai ake dubawa. Yaran nan kuwa ba wawaye ba ne, sun fi mu iya wannan lissafin, shekara ɗaya za su gane su fara zamewa. In kuma ka ce jarabawa ɗaya za a yi wa kowa to malamin ajin na daban ya shiga tsaka mai wuya, zai zurfafa ne ko zai bi manhajar da za a tambaya. A zaman mutum biyar wannan matsalar ba ta tasowa, makin kwas na nan yadda yake, ƙarin aikin a ba shi takardar shaida daga sashe da kyakkyawar wasiƙar yabo daga malamin da ya san shi da gaske, wadda ita ake nema in za a tafi digiri na biyu.

Zaɓen yaran ma wani abu ne. Aji na daban dole ka rufe ƙofa tun farko, kuma da me za ka auna in ba makin JAMB da na lebul wan, wato shekarar farko, ba. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaron birni ya yi ta gwaji a kafe, namu na ƙauye wani ranar jarabawar ce karo na farko da ya riƙe linzamin kwamfuta, ga turancin da ke ba shi wahala a shekarar farko. Irin waɗannan sai a lebul 2 suke warwarewa su fara ba da mamaki, musamman 'yan matan da ke zama can gefe ba sa ɗaga hannu. In ajin ya riga ya cika shi ke nan sun rasa. Ban da haka, duk abin da aka sa wa suna na musamman aka rubuta jerin sunaye aka manna a allo, wallahi sai ka sha waya, daga mai unguwa har ɗan majalisa kowa yana da ɗa mai ƙwaƙwalwa. Zaman mutum biyar ana sabunta shi duk zango, wanda ya yi sanyi ya sauka wanda ya taso ya shiga, kuma da yake aiki ne zalla ba ado, ɗan lele ba ya ma sha'awarsa.

Amma kar ka ɗauka ajin na daban ba shi da abin kirki. Yana da abu biyu da ɗayan bai da su. Na farko yaran suna goga juna, mutum 20 masu kaifi a ɗaki ɗaya abin da za su koya daga junansu ya kusa kai wanda malami zai ba su, malamin kansa yakan farfaɗo ya tuna dalilin da ya sa ya shigo aikin. Na biyu, kuma wannan babba ne, yana kan jadawali. Duk abin da ke kan jadawali ana ƙirga shi cikin nauyin aikin malami, yana da lambar kwas, sanet, wato majalisar harkokin karatu ta jami'a, ta san da shi, ko an canja shugaban sashe yana nan.

Nan ne kuwa zaman mutum biyar yake da rauni sosai, aiki ne da ba a gani. A takarda malamin kwas uku yake ɗauka kamar kowa, a zahiri yana ba da ƙarin lokaci da karanta rubuce-rubucen yara, babu alawus babu maki wajen ƙarin girma, a Amurkan ma babban ƙorafin malamai a kan wannan yarjejeniyar ke nan. Zangon farko kowa zai yi da zumuɗi, na biyu a fara ɗagawa, na uku a nemi abin a rasa. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, da aka dawo aka matse zanguna ana gudu a cike giɓi, duk abin da ba ya kan jadawali shi ya fara mutuwa. Sannan in malamin ya tafi sabatika, wato hutun bincike, ko ƙaro karatu yaransa sun zama marayu.

Akwai kuma lalacewar da ta fi wannan muni, na gan ta a wani sashe da ba zan kama suna ba, yaran suka koma 'yan aiken malam, su ne ɗaukar jaka, su ne buga masa takardu, su ne tattara asaimen, har da zuwa kasuwa, da sunan ana horar da su. Ga maganar 'ya'ya mata, malami namiji da ɗaliba a ofis su biyu ko da Alƙur'ani suke karantawa sai an yi magana, iyaye ko miji su hana ta, shi kuma malamin kirki ya guje wa ɗaukar mata gaba ɗaya don tsare mutuncinsa, a ƙarshe ita ce ta yi asara. Shi ya sa na ce uku zuwa biyar, kar a taɓa yin ɗaya, kuma a ɗaki sananne mai buɗaɗɗiyar ƙofa da rana tsaka, ba ofishin mutum ba.

Duk da haka ni a wurina ita ce ta dace da ku, kuma ba baƙuwar hanya ba ce, haka ake karatun zaure a garuruwanmu, malam ɗaya, kowa da littafinsa, a ja wa kowa baƙi daidai inda ya tsaya, na ƙasa yana sauraron karatun na sama yana kwaɗayin kaiwa can. A Oxford ɗin da Aydelotte ya ɗauko tunaninsa har yau ɗalibi ɗaya zuwa uku ne ke zama da malami duk mako, ya rubuto abu ya zo ya kare shi. Abin da ake yi a zaman ke nan, ba ƙarin lakca ba. A ba su takardar bincike ta gaske su karanta, kowa ya rubuto shafi biyu, a zo a tsare shi da tambaya. Kuma abin bincike a ƙofar gidanmu yake, kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja, tsutsar sharon da ta cinye tumatur a su Kadawa da Kura a 2016, dabinon Dutse, farashin riɗi da zoɓo a Maigatari, hada-hadar karar Wudil ranar Juma'a. Yaron da babansa ke noman rani ka ba shi irin wannan, za ka ga yana kawo maka abin da babu a littafi.

To yanzu kuɗin, me za a saya wa malamin da shi? Na san wasu za su ce a shirya bita a otal a Kano kwana uku, a kira masani a raba jaka da satifiket. Kar ka yarda Yaya. Abin da malaminka ya rasa lokaci ne. Kai ka san malaman jami'o'in da ke wajen birni irin su Wudil da Dutse da Kafin Hausa da yawa iyalinsu na Kano ko Haɗeja, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutum sai ya cusa lakcocinsa duka cikin kwana biyu ya kama hanya, ka ce masa ya ƙara awa ɗaya ma'anarta ya ƙara kwana ko ya yi tafiyar dare. Don haka abu na farko a sauke masa wani nauyin, duk wanda ya karɓi yara biyar a ɗauke masa aikin duba takardun tes na manyan azuzuwan lebul wan a ba mataimakan malamai a biya su daga asusun, ko a fitar da shi daga kwamiti ɗaya, kuma ka rubuta zaman cikin takardar rabon aiki ta sashe da sa hannunka. Sai ɗaki ɗaya mai sola da fanka da tebur na mutum shida da data, wannan sau ɗaya za a kashe ya daɗe yana amfani. Sai ɗan kuɗin mota na fita gona ko kasuwa da yaran. In da saura a gyara wurin kwana mai tsabta ga masu zuwa daga nesa.

Horon da suke buƙata kuwa a cikin gida za a yi shi, kuma ko wace hanya kuka ɗauka sai an yi. Yawancinmu babu wanda ya koya mana koyarwa, digiri na uku bincike yake koyarwa, muka shiga aji muka kwaikwayi waɗanda suka koyar da mu, a karanto a rubuta a haddace a dawo da shi ranar jarabawa. Yaro mai ƙwaƙwalwa kuwa yau ya riga ya kalli lakcar jami'ar MIT ta Amurka a YouTube kafin ya zo, zai yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba, wani lokacin ma ya gano kuskure a allo. Malamin da bai saba ba sai ya ɗauka raini ne, ya sa masa ido, kuma duk mun san yadda ake gamawa da yaron da malami ya sa wa ido. Abin da za a koya shi ne yadda mutum zai yi tambaya ya yi shiru ya jira, yadda zai ce wannan ban duba ba mu haɗu mako mai zuwa kowa ya bincika ba tare da ya ji girmansa ya zube ba, da yadda zai gyara rubutun yaro da bayani maimakon jan biro kawai. Wannan ba a koyonsa a otal. Malaman su riƙa zama sau ɗaya a wata su da kansu, da shayi da ɗan abin taɓawa, kowa ya kawo abin da ya gwada da wanda ya ƙi, wani ya je ya zauna a zaman wani ya gani. Ka fara da kanka, ka bari ƙananan malamai su shigo naka zaman, in ba haka ba babu farfesan da zai yarda a leƙa shi.

Ƙarin girma kuma da wallafa ake samunsa, wannan ba za ka canja shi daga kujerarka ba, amma za ka iya haɗa su. Aikin da yaran suka yi a kan kachala ko tumatur in an tsara shi da kyau zai iya zama tushen neman kuɗin bincike na cikin gida da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke bayarwa, ya zama takarda a mujalla, malami ya samu makinsa yaro ya ga sunansa a bugu tun kafin ya gama. Sharaɗi dai a rubuta tun farko cewa duk wanda ya yi aiki sunansa zai fito, don an sha cinye guminsu. Kuma tunda TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, matasan malamanka da yawa a gida za su yi digirinsu, suna kusa, su ne ma za su fi jin daɗin wannan aikin.

Maganar rashin zama kan jadawali tana da magani. Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 kashi 70 ta tsara, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. In kun yi shekara biyu kuna zaman nan kun ga ya kama, sai ku rubuta shi a matsayin kwas na zaɓi mai yunit 2 a lebul 3, ya bi ta hukumar tsangaya ya je sanet, daga nan ya samu lamba, ya shiga nauyin aiki, kuma lokaci-lokaci a haɗa rukunonin duka wuri guda kowa ya gabatar da abin da ya yi, kaga an samu gogayyar nan da ajin daban ke taƙama da ita.

Yaushe zan ce ku ware aji kai tsaye? In kuna da manyan malamai aƙalla huɗu da ke zaune a garin da iyalinsu, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da za su ɗauke ƙananan ayyuka, da kuɗin da ke shigowa duk shekara ba gudummawar da aka haɗa sau ɗaya a taro ba, sannan sanet ta amince a rubuta a takardar sakamako cewa yaron ajin musamman ya yi. In ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan kar ku fara, buɗe aji a rufe shi bayan shekara ya fi rashin buɗewar ciwo ga yaran da aka riga aka saka.

Kafin zaman kwamitin na gaba ka sa a fito maka da takardar rabon kwasa-kwasan bana, da jerin malaman da ke kwana a gari da ranakun da suke kwana, da sunayen yaran lebul 2 da 3 da suka haura 4.00 tare da waɗanda makinsu ya yi tsalle daga lebul wan ko da ba su kai ba. Ka tambayi malaman ɗaya bayan ɗaya a keɓe wa ke so, kar a yi a taro don kunya za ta sa kowa ya ɗaga hannu. In mutum huɗu kawai ka samu to yara 20 ke nan, ku fara da su zango mai zuwa. A gaida su Yaya Hajiya da yara.